Wuya da Baya Sun Fara Ciwo Tun Ba a Karɓi Takarda Ba, Laifin Wa?

'Yar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga yayyenmu da malamanmu da ke cikin wannan zaure. Tun da ajinmu na ɗaliban likitancin haƙori ya fara taɓa marasa lafiya, kukan wuya da kafaɗa da ƙugu ya zama gaisuwa a tsakaninmu. Wasu ma maganin kashe ciwo na cikin aljihun farar riga tare da biro. Abin da ya ɗaure min kai, dukanmu mun yi laccar zama daidai, mun kuma ci jarrabawarta. Ko daga barci aka tashi ɗayanmu zai karanto: baya a miƙe, tafin ƙafa biyu a ƙasa, gwiwar hannu kusa da haƙarƙari. Amma a leƙa kilinik a ga yadda muke nannaɗe a kan bakin mutane. To ina gizo ke saƙar? Rashin sani ne, ko sanin ne ba ya biyo mu kan kujera?

Dogo:
Wa alaikumus salam. Kin riga ni ne kawai. Ni nawa tsakanin allon kafaɗa yake, ɓangaren dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Kwanan nan kuma da dare yatsu uku na hannun dama sai su mutu, sai na yarfe hannun kafin su dawo.

Baba Likita:
Yaran yanzu ke nan. 'Yata, wace sana'a ce ba ta cin jiki? Mu da muka yi karatu ba wanda ya taɓa yi mana laccar yadda ake zama, a tsaye muke cire haƙori tun safe har layi ya ƙare, ga mu nan da ranmu. Ku dai ba kwa motsa jiki ne. Daga kan littafi zuwa kan waya, daga kan waya zuwa bakin majinyaci, duk kai a sunkuye. Ku riƙa tafiya a ƙasa, ku riƙa miƙe gaɓoɓi, ciwon zai bar ku.

Anti Fisiyo:
Baba, ranka ya daɗe, rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Motsa jiki yana taimakawa, ba musu. Amma "ga mu nan da ranmu" ɗin nan, waɗanda suka tsira ne ke faɗinta. Sauran suna zuwa wurinmu a sashen gashin ƙashi, wasu kuma sun ajiye aikin tuni. A 1997 an duba dalilan da ke sa likitocin haƙori a Birtaniya yin ritaya kafin lokaci saboda rashin lafiya, ciwon tsoka da ƙashi ne ya zo na ɗaya, kusan kashi 30 cikin ɗari, gaba da ciwon zuciya. A 2009 kuma aka tattara bincike-binciken da aka yi kan ma'aikatan haƙori, aka ga masu fama da irin wannan ciwo suna tsakanin kashi 64 zuwa 93 cikin ɗari, gwargwadon inda aka yi binciken. Ba kuma tsufa yake jira ba. Wani bincike da aka buga a 2005 kan ɗaliban haƙori a San Faransisko ya nuna kafin su gama shekara ta uku fiye da kashi 70 sun fara kukan ciwon jiki.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba, ba nauyi ne ke karya likitan haƙori ba, rashin motsi ne. Tsoka tana samun jini ne idan tana ɗamewa tana saki. Idan ka ɗaga kafaɗa ka ƙame a haka kana aikin da kuskuren rabin milimita ke ɓata shi, tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗa tana nan a ɗame, ƙananan hanyoyin jininta a matse. Garwashin da Dogo ke ji ke nan. Mai aikin ƙarfi yana gajiya, amma tsokarsa na samun saki tsakanin ɗauka da ajiyewa. Taku ba ta samu.

Baba Likita:
To 'yata, ni ban ce ba a ciwo ba. Na ce a daina shagwaɓa.

Mai Tone-Tone:
Baba, a yi min afuwa in tsoma baki, don tsayuwar da ka ambata tana da tarihi. Har wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce a tsaye likitocin haƙori ke aiki, majinyaci na zaune a miƙe, likita ya karkace a gefensa, nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Ciwonsu a lokacin na ƙugu ne da ƙafafu da kumburin jijiyoyin ƙwauri. A 1957 John Borden ya fito da injin haƙa mai aiki da iska, wanda ke juyi wajen sau 300,000 a minti. A 1958 John Naughton a Amurka ya ƙera kujerar da ke kwantar da majinyaci. A shekarun 1960 kuma Jami'ar Alabama ta yi aiki sosai kan tsarin da ake kira aikin hannu huɗu, wato likita a zaune, mataimaki a zaune, shi ke riƙe da bututun tsotsar ruwa, shi ke miƙo kayan aiki.

Zaman ya sauƙaƙa wa ƙafafu, amma ciwon bai tafi ba, hawa ya yi zuwa wuya da kafaɗa. Ga kuma inda ya shafe mu: zaman da ake koya mana an tsara shi ne da mutum biyu. Ɗalibi kuwa sau da yawa shi kaɗai ne. Shi ne likita, shi ne mai tsotsar ruwa, shi ne mai juyawa ya lalubo auduga a teburin da ke bayansa, shi ne mai gyara fitila. Hoton da ke cikin littafi da abin da ke faruwa a kilinik ba hanyarsu ɗaya ba.

'Yar Aji Huɗu:
Wallahi haka ne. Ranar da abokiyar aikina ta riƙe min bututu, jikina daban nake jinsa da yamma.

Malamin Ciko:
Na karanta duka. Ni da nake tsaye a kanku kullum ga abin da nake gani. Ba wanda ke sunkuyawa don ya manta lacca. Mutum yana sunkuyawa ne don bai ga abin da yake yi ba. Ido ne ke jan wuya, wuya ya ja baya. Ko sau nawa na ce "miƙe", da na juya baya za a koma, don ramin da ake haƙawa bai matso ba.

Ku ɗauki haƙorin turmi na biyu na sama, ɓangaren hagu, ruɓar tana ta baya. Ɗalibi zai bar majinyaci a kishingiɗe rabi da rabi, haɓarsa a ƙirji, shi kuma ya zauna a gefe. Daga nan ba abin da zai gani. Sai ya zame zuwa bakin kujera, ya karkatar da ƙugu, ya kwantar da kai har kunnensa ya kusa taɓa ƙirjin majinyaci yana leƙen sama, gwiwar hannun dama a sama, ƙafa ɗaya tana laluben fedar injin haƙa. Ƙaramin madubin duba baki kuwa yana hannun hagu, amma kumatu kawai ake ja da shi.

Alhali aikin sama ga yadda yake. A kwantar da majinyaci sosai. A gyara matashin kai yadda haɓa za ta ɗaga, jerin haƙoran sama ya tsaya tsaye ko ma ya ɗan koma baya. Likita ya koma ta bayan kai, wajen ƙarfe 11 ko 12 idan an ɗauki kan majinyaci a matsayin agogo. A sauke kujerar har bakin ya zo daidai gwiwar hannunka ko sama da ita kaɗan. A kawo fitila kusa da layin ganinka don haske ya faɗa kan madubi. Sannan ka duba madubi, ba haƙori ba. In kuma bai fito ba, ka ce wa majinyaci ya juyo da kai. Shi juyin na 'yan mintoci ne a wurinsa, kai kuwa a haka za ka yi ta yi har ka bar aiki.

Sabon Hannu:
Malam, a faɗa da sauƙi. Da na taka feda ruwa ya feso, madubin ya rufe ruf. Ga shi kuma in na so in yi gaba sai hannuna ya yi baya. Ga majinyaci yana kallona. Sai in ga gara in leƙa in gama.

Malamin Ciko:
Ruwan aikin mataimaki ne, ya riƙa hura iska a kan madubi yana tsotsewa. In ba shi, ka ja madubin nesa da haƙorin kaɗan, ba dole sai ya manne ba, ka kuma shafa shi a cikin kumatu ya jiƙe, ruwan ya fi kwanciya a kansa. Rikicewar hannu kuma ba a bakin mutum ake warware ta ba. Ka zana tauraro a takarda, ka kare hannunka da kwali yadda ba za ka gan shi kai tsaye ba, ka riƙa bin layin da biro kana duban madubi kawai. Da farko abin dariya za ka zana. Ka yi ta yi, ƙwaƙwalwa na kamawa.

'Yar Aji Huɗu:
Malam, da girmamawa, akwai abin da zan faɗa, Allah ya sa kada ya zama rashin kunya. A ɗakin kawunan roba masu haƙora da muke gwaji a kansu, inda hannunmu ya fara koyon komai, me ake ba wa maki? Zurfin rami, santsin bango, kusurwa, ko an taɓa haƙorin kusa. Ban taɓa ganin an rage wa wani maki ko ɗaya don ya sunkuya ba. Har akwai masu juya kan robar yadda wuyan ɗan Adam ba zai taɓa juyuwa ba, wasu ma in malami ya fita su kwance haƙorin su gyara shi a hannu. Wanda ya nace wa madubi aikinsa ya fi jinkiri, a farko kuma ya fi muni, sai ya tashi da maki ƙasa da na mai leƙe. Mu kuwa ɗalibai ne, abin da ake aunawa shi muke kiwo. In an shiga kilinik kuma ga adadin ciko da cirewa da wankin haƙori da dole a cika kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Wa zai tsaya gyaran matashin kai alhali sa hannu yake nema?

Dogo:
Ta faɗi abin da ke ran kowa.

Malamin Ciko:
Ba rashin kunya ba ne, gaskiya ce, kuma da ɗaci. Sai dai ki duba ta ɓangarenmu. Malami ɗaya, kujeru da yawa, kowa na kira. In na zo, haƙorin nake dubawa, don shi ne in ya lalace majinyaci zai cutu yau ɗin nan. Bayanki kuwa sai bayan shekaru zai kawo ƙara. Sannan rami ina da ma'aunin da zan sa in ce ya wuce milimita biyu. Zama fa? In na rage maki a kan zama, gobe za a ce Malam ya tsani wane.

Anti Fisiyo:
Malam, ai zama ma yana da ma'auni. Akwai RULA, wanda McAtamney da Corlett suka fitar a 1993 a Jami'ar Nottingham. Ana duba kusurwar dantse da wuyan hannu da wuya da gangar jiki, a fitar da maki daga 1 zuwa 7, mai 7 yana nufin a gyara nan take. Akwai kuma ƙa'idar ISO 11226 kan tsayuwar jiki wuri ɗaya a bakin aiki: sunkuyar kai kada ta wuce digiri 25, gangar jiki kada ta wuce 20, dantse kada ya rabu da jiki fiye da 20 in za a daɗe a haka. Ba sai kun bi duka ba. Abu uku ma sun isa a sa a takardar maki.

Ga dalilin da ya sa digirin ke da muhimmanci. Kan babban mutum ya kai kilo 5. Wani lissafi da likitan ƙashin baya Kenneth Hansraj ya buga a 2014 ya ƙiyasta cewa in an sunkuyar da shi digiri 30, nauyin da ke kan wuya ya kai kilo 18, a digiri 60 kuma wajen kilo 27. Ƙiyasi ne na kwamfuta, ba a jikin mutane aka auna ba, don haka ban riƙe lambobin kamar karatu ba, amma inda suka dosa daidai ne.

Mai Gilashi:
Duk wannan doguwar magana, maganinta ɗaya ne: tabarau mai ƙara girma. Tun da na fara sa mai ninki 2.5 ban ƙara kai fuskata bakin mutum ba, don in ka matso ma hoton dushewa yake yi. Shi da kansa yake tilasta maka zama daidai. Ni da za a bi ta tawa, a wajabta shi tun daga ɗakin kawunan roba.

Bahago:
Yaya, a wajabta wa wa? Kai kana aiki kana da albashi. Ɗalibin da ke fama da kuɗin kayan aiki za a ƙara wa wannan?

Anti Fisiyo:
Ban da tsada ma, ƙanena, ba kowane tabarau ke gyara zama ba. Ina ganin masu shi a ɗakin gashi. Abu biyu ake dubawa. Na farko nisan aiki: a auna daga idonka zuwa haƙori kana zaune daidai, ba kana sunkuye ba. In aka auna ka a sunkuye, ka sayi abin da zai ɗaure ka a sunkuye. Na biyu, yadda gilasan suka kalli ƙasa. In ba su karkata sosai ba, dole wuyanka ya cike gurbin, ga kuma nauyin tabarau da fitilarsa a kan hanci. Wanda aka ara daga aboki ko aka saya ba gwaji yana iya zama gara jiya da yau. Kuma ko mai kyan ne, ba ya nuna maka bayan turmin sama. Madubi dai ba makawa.

Mai Gilashi:
Na yarda da batun awo, Anti. Nawa an auna ni. Amma ban janye ba, wanda ya samu hali ya saya da wuri kafin jiki ya saba da leƙe.

Bahago:
Tun da an zo nan, bari in shigar da ƙarar mutanena. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, amma kujerun koyo da yawa na masu dama ne zalla. Tiren kayan aiki da igiyoyin inji suna dama, kwanon tofar da ruwa yana hagu, daidai inda ya kamata in zauna. Ko dai in koyi aiki da hannun da ba nawa ba, ko in miƙa hannu ta saman ƙirjin majinyaci ina jan igiya. Malami kuma in zai nuna, da dama yake nunawa, ni sai in juya komai a kaina, sannan in sake juya shi a madubi. Laccar zama daidai ba ta taɓa ambatonmu ba.

Malamin Ciko:
Wannan kam ba ni da amsarta. Akwai kujerun da ake juya hannunsu kowane ɓangare, amma masu sayen kaya ba su cika tambayar malamai ba, balle ɗalibai. Wurin zamanka dai kishiyar namu ne, daga ƙarfe 12 zuwa 4.

Uwar Biyu:
Ni wankin haƙori ne yawancin aikina, don haka ta hannu zan yi magana, Dogo ka saurara. Yatsun da ka ce suna mutuwa, in babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, wannan yankin jijiyar da ke ratsa tsakiyar wuyan hannu ne. Abin da ke matse ta a aikinmu sananne ne: riƙon ƙarfe da ƙarfi da kan yatsu, lanƙwasa wuyan hannu, maimaita motsi ɗaya, da karkarwar inji. Ƙarfen kankare dattin haƙori mai siririn mariƙi ya fi sa mutum damƙa. An gwada an gani, mariƙi mai kauri kamar milimita 10, mara nauyi, giram 15 ko ƙasa, ya fi sauƙi ga tsokar hannu. Sai kaifi. Ɗalibai ba sa wasa ƙarfensu, dakusasshen ƙarfe kuwa da ƙarfi ake cike masa. Sai safar hannu: in ta matse, babban yatsa yana kokawa da roba tun safe har yamma ba ka sani ba. Kuma kada a jera masu dattin haƙori mai tauri uku a jere in da hali, a sa aiki mai sauƙi a tsakani.

Dogo:
Su ne kuwa, Anti, yatsun nan uku. Diklofenak nake sha in ya dame ni.

Anti Fisiyo:
Dogo, wannan ya wuce shawarar zaure. Mutuwar yatsu da ke tashin mutum daga barci, ko kaya su fara suɓucewa daga hannu, ko ciwo ya taso daga wuya ya sauka dantse, duk abin a je a duba ne, don daga wuya ma yana iya tasowa. Diklofenak kuma ba ya buɗe jijiyar da aka matse, sai dai ya rufe mata baki, ga shi yana cin ciki da ƙoda in an daɗe ana sha. Kai da ka karanta ilimin magunguna ka fi ni sani.

Sabon Hannu:
Tun da lafiyar ma'aikaci ake magana, ni abin da ya fi ba ni tsoro ba baya ba ne, allura ce. Wani ɗan ajinmu allurar kashe zafi ta soke shi yana mayar da murfi da hannu biyu. Ya matse wurin, ya sake safar hannu, ya ci gaba da aiki. Bai gaya wa kowa ba sai da aka kwana biyu, wai kada a ce bai iya ba.

Malamin Ciko:
Subhanallahi. Wannan ne abin da ke hana ni barci. Ku riƙe waɗannan. In allurar da ta taɓa jinin mai cuta ta soki mutum, haɗarin kamuwa da HIV wajen kashi 0.3 ne cikin ɗari, ciwon hanta nau'in C wajen 1.8, amma nau'in B ga wanda bai yi riga-kafi ba yana kaiwa daga kashi 6 har 30. Wanda aka fi tsoro ba shi ya fi kamu ba. Nau'in B kuwa yana da riga-kafi: allura uku, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida, sannan a gwada jini bayan wata ɗaya zuwa biyu a tabbatar ta kama. Da yawa suna yin ta farko su manta sauran.

In tsautsayi ya faɗa, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, ba matsewa, ba tsotsa, a kai rahoto nan take. Maganin kariya daga HIV ana so a fara shi cikin sa'o'in farko, bayan awa 72 an makara, ana kuma shan sa kwana 28. Kwana biyun da abokinka ya yi shiru daga cikin wannan lokaci ya ci. Murfi kuma da hannu ɗaya ake mayarwa, a ajiye shi a tire a zura allurar ciki. Duk malamin da ya yi wa ɗalibi tsawa don ya kawo rahoto, ya koya wa ajin gaba ɗaya ɓoyewa.

Baba Likita:
Nan kam ba shagwaɓa. Duk wanda bai kammala riga-kafin hanta ba, bai kamata a bar shi ya riƙe sirinji ba. Ku ƙara da tabarau na kariya, ɓarɓashin tsohon ciko yana tsalle ya shiga ido. Kuma kada in ji wani ya riƙe wa majinyaci fim da yatsansa ana ɗaukar hoton X-ray na haƙori. A ja baya mita 2, a kauce wa saitin bututun injin hoton.

Uwar Biyu:
Da shuɗiyar fitilar busar da ciko, Baba. Yara na ƙura mata ido, ga garkuwar ido mai launin ruwan lemo a rataye ba mai ɗauka. Da ruwan akirilik a ɗakin haɗa haƙoran roba, yana ratsa safar hannu, yana sa fatar yatsu tsagewa.

Mai Tone-Tone:
Abin mamaki, tun 1700 Bernardino Ramazzini, likitan nan na Italiya, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'a, har da na masu wuni a zaune, ya kuma ce likita ya riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. Mu ana koya mana mu tambayi kowa sana'arsa a takardar tarihi, tamu ce kawai ba ma tambaya.

Baba Likita:
Kai dai ba ka rasa tone-tone. Ni dai ina nan kan bakata. Ku auna digiri duk yadda kuke so, jikin da ba shi da ƙwari ba zai riƙe zaman ba.

Anti Fisiyo:
A nan ba mu da saɓani, Baba. Zama mafi kyau ma in an daɗe a cikinsa ciwo yake zama. Abin da nake ba ɗalibai ba shi da yawa. Lokacin da kake jiran allura ta kama, ko ciko ya bushe, ko Malam ya zo sa hannu, tashi tsaye. Ja haɓa baya, ba ƙasa ba. Haɗe allunan kafaɗa ka sake. Buɗe ƙirji, don tsokar gaba ce ke gajarcewa ta jawo kafaɗa. Miƙe ta kishiyar ɓangaren da ka karkata. Ɗaga ido ka dubi nesa na daƙiƙa 20. Kujerarka kuma ka ɗaga ta har ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo, cinya ta gangara, haka ƙasan baya ke riƙe lanƙwasarsa. A waje kuma a ƙarfafa tsokar baya da ta ciki, ba ƙirji da dantse kaɗai ba irin na samari masu ɗaga ƙarfe.

'Yar Aji Huɗu:
Malam, ga shawara. Mutum ba ya ganin kansa, ni in ina aiki ji nake a miƙe nake. Me zai hana a haɗa mu biyu-biyu, kowa ya ɗauki ɗan'uwansa hoto ta gefe ba tare da ya san lokacin ba, a auna da abubuwa ukun da Anti Fisiyo ta ce? Hoto ba ya son kai, ba wanda zai ce an tsane shi.

Uwar Biyu:
Ban da kilinik fa, ƙanwata. Ba a ɗaukar majinyaci hoto ba izininsa, ko da gefen fuska ne.

'Yar Aji Huɗu:
A ɗakin kawunan roba nake nufi, Anti. Can ne ma ya fi dacewa.

Malamin Ciko:
Wannan mai yiwuwa ne, kuma ba ya cin kuɗi. Zan kai maganar taron sashe: a ware wani kaso na makin aikin hannu ga zama da riƙon madubi, a kuma ɗaure kan robar yadda ba zai juyu fiye da wuyan mutum ba. Ban yi alkawarin za a karɓa ba, akwai abokan aikina da za su ce manhaja ta riga ta cika. Amma a rukunin da nake dubawa, daga yanzu duk wanda ya kira ni ganin haƙorin sama, sai ya nuna min shi a madubi yana zaune kafin in sa hannu.

Sabon Hannu:
Malam, to a ƙara mana lokaci, don wallahi za mu yi jinkiri.

Malamin Ciko:
Za ku yi, a farko. Lokacin zan iya ƙarawa a ɗakin koyo. Adadin aikin kilinik ba a hannuna yake ba.

Bahago:
In an shiga taron, Malam, a taimaka a ambaci kujera ko guda ɗaya mai juyawa hagu. Mu uku ne a ajinmu, za mu yi karɓa-karɓa.